PCR ya ƙi fitowa a samfurin jini, bututun ruwa zalla kuma yana ba da layi: daga ina za a fara?

Ɗalibar Bincike:
Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Shawara nake nema a kan PCR, wato dabarar ninka wani guntun DNA a bututu har a gan shi a matsayin layi a kan jel, da nake yi da DNA ɗin da aka ciro daga jinin mutum. Ga tsarin. Kowane samfur jini ne maikirolita 200, an ciro DNA da kwalam na silika (ɗan bututu mai matata da ke kama DNA), an sauko da shi da bafa (ruwan sinadarai mai daidaita tsami) maikirolita 100. Haɗin PCR maikirolita 25 ne: magineziyam milimola 1.5, dNTP (tubalan gina DNA guda huɗu) maikiromola 200 kowanne, firaima (gajerun guntaye biyu da ke nuna iyakar abin da za a ninka) maikiromola 0.4 kowacce, Taq (anzayim ɗin da ke yin ninkin) yunit 1, DNA maikirolita 2. Zagaye 35, zafin mannewar firaima a jikin DNA digiri 58. Guntun da ake nema tsawonsa bp 400, wato haruffan DNA 400. Cikin samfura 24, tara ba su ba da komai ba, sauran sun ba da layi amma dishi-dishi. Kwantirol na DNA ɗin da aka san yana aiki ya fito sarai. Abin da ya ƙara dagula lissafin, a gwaji biyu na ƙarshe bututun da aka sa wa ruwa zalla maimakon DNA shi ma ya nuna ɗan layi. Tunanina in kai zagaye 45, in kuma ƙara DNA zuwa maikirolita 8. Ya kuka gani?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, dakata da duka biyun tukuna. Matsala biyu ce a gabanki, kuma kowane ɗaya daga cikin matakan da kika kawo zai ƙara wa ɗaya daga cikinsu ƙarfi. Idan akwai wani sinadari a cikin DNA ɗin da ke hana Taq aiki, ninka DNA sau huɗu ninka wannan sinadarin ne sau huɗu, har samfuran da ke fitowa dishi-dishi su ɗauke. Idan kuma kayan haɗinki sun gurɓata, zagaye 45 zai sa layin bututun ruwa ya yi kauri, wataƙila ma taran nan su “fito”, alhali gurɓatar ce ta fito. Gyaran gangar auzinawa ke nan.

Ki ba mu amsar abu huɗu. Layin da ke bututun ruwa, a wane tsayi yake idan aka gwada shi da tsanin DNA, wato jerin layukan da aka san tsawonsu: daidai da 400 ko can ƙasa, bai kai 100 ba? Me na'urar awon haske ta ce a kan yawan DNA da ma'aunan tsabtarsa, wato 260/280 da 260/230? Wane irin bututu aka ɗebi jinin a ciki? Sannan a ina ake buɗe bututun da ya gama PCR, da wane fifet (na'urar ɗibar ruwa kaɗan-kaɗan)?

Ɗalibar Bincike:
Na gode Yaya. Layin bututun ruwa daidai yake da na 400. Yawan DNA daga nanogiram 18 zuwa 60 a maikirolita, 260/280 tsakanin 1.75 da 1.9, amma 260/230 daga 0.6 zuwa 1.1. Wasu bututan jinin masu murfi shunayya ne, wasu masu kore. Fifet saiti ɗaya ne, da shi ake haɗa PCR, da shi ake loda jel, a kan benci ɗaya.

Masanin Jini:
To ai ga mai laifi nan a fili. Murfi shunayya EDTA ne, sinadarin hana jini daskarewa, shi ya dace da aikin DNA. Murfi kore hefarin ne, shi ma mai hana jini daskarewa. Hefarin doguwar sarƙa ce mai ɗauke da cajin lantarki na negatib kamar DNA, don haka yana iya bin DNA har ƙarshen cirowa, ya je ya tare anzayim. Na'urar awon haske kuwa ba ta ganinsa, za ta ba ki 1.8 lafiya lau alhali yana ciki. Duba rajistarki, in har taran nan duk daga koren murfi suke, magana ta ƙare.

Malamar Jami'a:
Dakta, ban ƙi ta taka ba, amma kada mu yanke hukunci kafin a saurari shaidu. Kwalam na silika da yawa an tsara su su karɓi jinin EDTA da na sitiret da na hefarin, kuma idan an yi wankin yadda takardar kit ta ce, abin da ya rage sau da yawa ba ya kai ya kashe PCR na yau da kullum. Jini kuma yana da wasu 'yan hana ruwa gudun ban da hefarin: akwai him, wato sinadarin da ke ba jini launinsa, akwai furotin na garkuwar jiki irin IgG, akwai laktoferin. Sannan akwai waɗanda mu da hannunmu muke zubawa, itanol da gishirin guwanidin na kit ɗin cirowa da EDTA.

Akwai gwajin da zai raba gardamar a yini ɗaya. Ki ɗauki uku daga samfuran da suka ƙi. Kowanne ki yi masa bututu huɗu: na farko DNA yadda yake, na biyu an sirka shi 1 cikin 5 da ruwa, na uku 1 cikin 10, na huɗu kuma DNA yadda yake amma ki ɗiga masa kaɗan daga DNA ɗin kwantirol da kika san yana aiki. Sai bututu guda a gefe mai ɗauke da wannan adadin na kwantirol a cikin ruwa kawai, don kwatance. Idan kwantirol ya fito a ruwa amma ya ɓace ko ya dushe da aka haɗa shi da samfur, samfurin yana ɗauke da mai hana aiki. Idan layi ya dawo a sirkin 1 cikin 10, nan ma haka. Idan kuwa kwantirol ya fito da ƙarfinsa a cikin samfurin amma sirki bai fitar da komai ba, to Taq yana aiki, sai a koma tambayar ko DNA ɗin da ake nema yana nan, ko ya farfashe, ko firaima ba ta dace da shi ba.

Abu ɗaya: kwantirol ɗin da za ki ɗiga ya zama kaɗan ne, wanda da kyar yake ba da layi mai kyau. In kika zuba mai yawa zai fito ko da rabin ƙarfin anzayim ya tafi, sai ya ɓoye miki gaskiya.

Sabon Shiga:
Malama, Allah ya ƙara ilimi. Abin da ban gane ba shi ne yadda sirkawa ke gyara abu. Ai DNA ɗin ma an rage shi.

Malamar Jami'a:
An rage shi, amma akwai rara mai yawa. Mu yi lissafi da samfurinta mai nanogiram 25 a maikirolita. Maikirolita 2 ya zama nanogiram 50. Kwafi ɗaya na dukkan DNA ɗin mutum nauyinsa kusan fikogiram 3.3 ne, don haka nanogiram 50 yana ɗauke da kwafi wajen 15,000 na ƙwayar gadon (gene) da ake nema. An sirka 1 cikin 10, saura 1,500. PCR mai lafiya zai fitar da layi daga 1,500 a zagaye 35 ba tare da wahala ba, domin ninki goma bai wuce zagaye uku da ɗan ɗoriya ba. Shi kuwa mai hana aikin, da zarar ya sauka ƙasa da wani mataki, anzayim ya sami sarari.

Inda wannan dabara ke cizo shi ne idan abin da ake nema ɗan kaɗan ne tun asali, kamar ƙwayar cuta a jinin wanda cutar ba ta yi masa yawa ba. In kwafi 20 ne a bututu, ka sirka sau goma, saura biyu, wani bututun ma ba zai samu ko ɗaya ba. A irin wannan sai a sake tsarkake DNA, ko a ƙara BSA, wato furotin da ake samu daga jinin saniya, a haɗin, kamar maikirogiram 0.4 a kowace maikirolita. BSA yana kama him da makamantansa ya bar Taq ya yi aikinsa, amma ba ya maganin itanol ko EDTA.

Mai Kula da Leb:
Ni hankalina yana kan 260/230 ɗin nan. DNA mai tsabta yakan ba da 2.0 zuwa 2.2, ita kuwa tana da 0.6. Wannan alamar guwanidin ne ya biyo daga bafar fasa ƙwayoyi, kuma inda guwanidin ya biyo, yawanci wankin ne bai yi kyau ba. Ga wuraren da akan yi sake.

Bafar wanki takan zo da kauri, sai an zuba mata itanol mai kashi 96 zuwa 100 kafin a fara amfani da ita. A rubuta ranar a jikin kwalbar, a riƙa rufe ta gam, domin in itanol ya tsere DNA zai bi ruwan wanki ya tafi. Kada a yi amfani da sifirit ɗin da aka gauraya da wasu sinadarai. Lokacin zuba ruwan jinin da aka fasa a kwalam, kada bakin fifet ya taɓa leɓen kwalam ɗin, don gishirin da ya maƙale a leɓe ko a murfi ruwan wanki ba ya isa gare shi, sai ya gangaro a matakin ƙarshe. Bayan kowane juyi a canza bututun tara ruwa, in kuma za a sake amfani da shi a tabbata gindin kwalam bai taɓa ruwan da ya sauka ba.

Matakin da aka fi tsallakewa shi ne juyin bushewa. Bayan wanki na biyu, a sa kwalam a sabon bututu babu komai, a juya shi da cikakken gudu na aƙalla minti 1, wasu kit ɗin ma minti 3 suke cewa. Idan itanol ya rage za a gane ta hanya biyu: ana jin ƙamshinsa in an buɗe bututun, sannan in an loda DNA ɗin a rijiyar jel yakan taso ya watse a bafa maimakon ya kwanta. Itanol da ya haura kamar kashi 1 cikin 100 na haɗin PCR ya isa ya fara rage aiki. Maganinsa mai sauƙi ne, a buɗe murfin a ɗora a kan injin ɗumi mai digiri 37 zuwa 50 na minti 10.

Tsohon Hannu:
Malam, duk abin da ka faɗa a kan wanki daidai ne, amma ina so in rage wa 260/230 daraja kaɗan. Guwanidin yana shan haske sosai a wajen 230, ta yadda ɗan abin da bai isa ya dami Taq ba zai iya faɗar da wannan awon. Kuma idan DNA bai kai nanogiram 20 a maikirolita ba, lambobin biyu da ake rabawa duk ƙanana ne, ɗan kuskure sai ya yi tsalle da sakamakon. An sha ganin samfur mai 0.8 ya yi PCR lafiya, mai 2.1 ya ƙi. Alama ce ta a duba, ba dalilin zubar da samfur ba.

Shi ma 260/280 yana da nasa. In an auna a ruwan da ya ɗan yi tsami, awon na iya sauka da 0.2 zuwa 0.3. A mayar da na'urar sifili da ainihin bafar da aka sauko da DNA da ita. A kuma tuna na'urar haske take gani kawai: tana ɗaukar awo 1 a 260 a matsayin maikirogiram 50 a mililita, ba ruwanta da ko DNA ne cikakke, ko farfasasshe, ko RNA. Wanda ke son ainihin adadin DNA mai igiya biyu sai ya koma na'urar rini irin Qubit.

Mai Kula da Leb:
Na karɓa. Amma tunda sauran sha biyar ɗin ma dishi-dishi suke fitowa, har da na murfi shunayya, akwai abin da ya shafi dukkansu, shi ya sa na fi zargin wanki a kan hefarin.

Mai Tsara Firaima:
Ko kuma magineziyam. Mutane suna rubuta 1.5 su wuce, alhali ba dukkansa ke hannun anzayim ba. Kowane dNTP yana riƙe magineziyam ɗaya. Maikiromola 200 sau huɗu ya zama milimola 0.8, saura wajen 0.7 ke yawo. Yanzu a ce an sauko da DNA da bafar TE mai EDTA milimola 1, shi ma EDTA riƙe magineziyam yake yi. Maikirolita 2 cikin 25 ya kawo EDTA milimola 0.08, wannan da sauƙi. Amma maikirolita 8 da 'yar'uwa ke son sawa zai kawo 0.32, kusan rabin abin da ya rage ke nan ya tafi. Ki duba takardar kit ki ga EDTA nawa ke cikin bafar. Ki kuma jera bututu huɗu da samfur ɗaya mai dishi-dishi: 1.5, 2.0, 2.5, 3.0. Kada ki wuce haka ba dalili, don magineziyam in ya yi yawa firaima takan manne inda bai kamata ba, jel ya cika da layukan banza. Kwalbar magineziyam kuma a bari ta narke gaba ɗaya a girgiza ta kafin a ɗiba, in an ɗiba tana rabin ƙanƙara ba za a sami adadin da ke rubuce ba.

Wani abin lura: mene ne kwantirol ɗinki? Idan filasmid ne (ɗan zoben DNA na bakteriya) ko tsohon sakamakon PCR, fitowarsa ba ta nuna tsarin yana da ƙarfi. Nanogiram 1 na filasmid ɗauke yake da kwafi miliyoyi ɗari, ko digiri 58 ya yi wa firaimarki zafi zai fito. DNA ɗin mutum mai kwafi dubbai shi ne zai tona asirin. Ki gwada jerin zafi daga 52 zuwa 62 da DNA ɗin mutum mai tsabta, ki zaɓi mafi zafin da ya ba da layi ɗaya mai kauri.

Ɗalibar Bincike:
Kwantirol ɗin tsohon sakamakon PCR ne da aka tsarkake daga jel, ana sirka shi 1 cikin 100.

Tsohon Hannu:
To wannan ya kawo mu ga matsala ta biyu, wadda a ganina ta fi ta farko girma. Samfurin da ya ƙi fitowa ya ɓata miki lokaci ne kawai. Layi a bututun ruwa kuwa ya sa duk sha biyar ɗin da suka fito abin tuhuma ne, musamman da yake dishi-dishi suke kamar shi. Ba za a iya rubuta sakamakon waɗannan gwaje-gwaje biyu ba, sai an sake.

Ki duba girman abin. Nanogiram 100 na guntu mai bp 400, wato abin da bututu ɗaya ke samarwa cikin sauƙi, ya haura kwafi biliyan 200. Kashi ɗaya cikin miliyan na wannan ya haura kwafi 200,000, ya ninka abin da ke cikin samfurinki na gaskiya fiye da sau goma. Kashi ɗaya cikin miliyan na maikirolita 25 kuwa ido ba ya ganinsa. Feshin da ke tashi in an ɓalle murfi da ƙarfi ya isa, haka ɗan tururin da ke shiga cikin hancin fifet, haka yatsan safar hannu. Fifet ɗin da ya loda jel jiya ya ɗebi firaima yau, ga hanya nan a buɗe. Kwantirol ɗinki ma, sirkin 1 cikin 100 ya yi kauri ƙwarai, kowace buɗewa kamar buɗe bututun da ya gama PCR ce. Ki koma DNA ɗin mutum da aka tabbatar, ko ki sirka wannan sau miliyan ko fiye a wani ɗaki daban, kuma shi za ki sa a ƙarshe bayan kin rufe duk sauran bututan.

Tsarin da ke aiki shi ne tafiya ta fuska ɗaya. Wuri na farko na haɗa kayan PCR, DNA ba ya shiga. Wuri na biyu na cirowa da zuba DNA. Wuri na uku na injin PCR da jel. Kowanne da fifet ɗinsa, rigarsa, safar hannunsa, alƙalaminsa, har da rak ɗinsa. Abin da ya shiga na uku ba ya komawa na farko, mutum ma in ya yi jel, kada ya koma haɗa PCR ba tare da ya canza riga da safa ba. In ɗaki ɗaya ne kawai, a raba benci nesa da juna, a ware ko da fifet biyu ne na haɗawa kaɗai, a yi amfani da bakin fifet mai matata. A juya bututu na daƙiƙa kaɗan kafin a buɗe don ruwan murfi ya sauka.

Sabon Shiga:
Ranka ya daɗe, in an goge benci da itanol mai kashi 70, aka kuma sa bakunan fifet a otokilef, tukunyar turiri mai kashe ƙwayoyin cuta, bai wadatar ba?

Mai Kula da Leb:
Bai wadatar ba. Itanol ƙwayoyin cuta yake kashewa, DNA kuwa da itanol ma ake adana shi. Otokilef yana farfasa DNA amma gajeren guntu na iya tsira. Abin da ke lalata shi shi ne bilic. Na gida yakan zo da haifokulorait wajen kashi 5, a sirka 1 cikin 10 ya koma kashi 0.5, a haɗa sabo domin sirkakken ba ya daɗewa da ƙarfinsa. A jiƙa benci da rak da jikin fifet, a bari minti 10 zuwa 15, sannan a bi da ruwa mai tsabta saboda yana cin ƙarfe, kuma ragowarsa in ta shiga bututu za ta cinye DNA ɗin samfur. Hancin fifet ana iya kwance shi a jiƙa, a ɗauraye, a bari ya bushe sarai, sannan a gwada shi a sikeli: maikirolita 100 na ruwa ya ba da kusan miligiram 100.

Ina roƙon kowa ya riƙe wannan: kada a zuba bilic a cikin ruwan sharar kit ɗin cirowa. Guwanidin, musamman mai tayosayanet, in ya haɗu da bilic yana fitar da iska mai guba. In irin wannan ruwa ya zube, a fara sharewa da sabulu da ruwa, bayan nan a sa bilic.

Fitilar UV ta akwatin haɗawa tana taimakawa, minti 15 zuwa 30, amma inda haskenta ya sauka kawai take aiki, kuma ƙarfinta a kan gajeren guntu da busasshen DNA kaɗan ne. Ƙari ce a kan bilic.

Masanin Jini:
Me zai hana ta huta da duk wannan ta koma haɗin da ke da dUTP da anzayim ɗin UNG? Dakunan gwajin asibiti da shi suke aiki. Ana sa dUTP a madadin dTTP, ɗaya daga cikin dNTP huɗun, sai duk abin da PCR ya samar ya zama mai yurasil, harafin U a madadin T. A gwaji na gaba, UNG zai sassare duk DNA mai yurasil a minti 2 a digiri 50 kafin a fara, zafin 95 kuma ya kashe shi, DNA ɗin samfur bai taɓu ba.

Mai Tsara Firaima:
Dakta, zai kare ta daga gurɓatar gobe, amma ta yau fa? Guntayen da suka riga suka bazu a bencinta da dTTP aka yi su, UNG ba zai gan su ba. Kuma akwai sharuɗɗa. Anzayim masu gyara kuskure irin Pfu suna tsayawa cik in sun ci karo da yurasil, sai dai nau'in da aka sauya musamman. UNG na asali kuma yakan ɗan farfaɗo in bututu ya huce, ya fara cin sabon sakamakon, don haka ba a barin bututu ya kwana a inji. Ba ya kuma maganin gurɓatar samfur da samfur lokacin cirowa.

In an yi shara, an canza kaya, layin bai tafi ba, hanya mafi tabbas ita ce sabuwar firaima. A tsara ta yadda aƙalla ɗaya daga cikin biyun za ta zauna a wajen tsohon guntun mai 400. Tsohon guntu ba shi da mazaunin wannan firaimar, don haka ba zai ninku ba. Tsawo harafi 18 zuwa 25, G da C kashi 40 zuwa 60, zafin narkewar biyun kada ya bambanta da fiye da digiri 2 ko 3, a kuma duba kada ƙarshen 3' na ɗaya ya dace da na ɗayar. Daga ranar da aka fara da sabuwar firaima sai a fara da dUTP, a nan shawarar Dakta za ta yi cikakken amfani.

Ɗalibar Bincike:
Kafin a kai ga sabuwar firaima, in bi kayan ɗaya bayan ɗaya in gano wanda ya gurɓata, ko in zubar da duka?

Malamar Jami'a:
Ruwa, bafa, dNTP da sirkakkiyar firaima ta aiki, zubar da su, kwanakin da za ki ɓata wajen bincikensu sun fi su tsada. Abin da ya cancanci gwaji shi ne uwar firaima mai maikiromola 100 da bututun Taq. Bayan shara, da fifet mai tsabta, ki sirka sabuwar firaima ta aiki mai maikiromola 10 daga uwar, ki haɗa bututun ruwa zalla guda huɗu ko biyar, ki kai su zagaye 40. Guda ɗaya ba ya isa, domin gurɓata in ta yi ƙaranci takan fito a bututu ɗaya ta tsallake uku. In duk sun fito fes, uwar da Taq sun tsira. Daga nan ki rarraba komai a ƙananan bututu na amfani sau ɗaya ko biyu, wanda kuma zai rage yawan daskarewa da narkewa da ke lalata dNTP.

Sannan kwantirol biyu sun ɓace a tsarinki. Na farko bututun cirowa na banza: ruwa maikirolita 200 da zai bi duk matakan cirowa tare da jinin, daga furotinas K, anzayim mai narkar da furotin, har saukowa. Shi ke nuna gurɓatar kit, wadda bututun ruwan PCR ba zai gani ba. Na biyu kwantirol na ciki, wato firaimar wata ƙwayar gado da kowane mutum ke da ita, kamar beta-gulobin, wanda firaimomin PC04 da GH20 ke ba da guntu mai bp 268. Samfurin da bai ba da 400 ba amma ya ba da 268, shi za a iya cewa babu abin da ake nema a cikinsa. Wanda bai ba da ko ɗaya ba, ba a rubuta masa “babu”, ana rubuta gwaji bai yi ba. Wannan ya fi muhimmanci idan sakamakon zai shafi maganin wani.

Ɗalibar Bincike:
Malamai, ga abin da ya fito bayan shara da sabbin kaya. Bututun ruwa biyar duk babu layi a zagaye 40. Cikin taran, bakwai na koren murfi ne, biyu na shunayya. Na faɗaɗa gwajin sirki zuwa dukkansu: shida sun ba da 400 da 268 a sirkin 1 cikin 10, kuma kwantirol ɗin da aka ɗiga ya ɓace a cikinsu kafin sirki. Ukun da suka rage, ciki har da na shunayya biyun, kwantirol ya fito a cikinsu amma su ba su ba da ko 268 ba, duk da na'ura ta ce suna da nanogiram 18 zuwa 22. Magineziyam 2.0 ya fi 1.5 kauri. Allah ya saka da alheri.

Masanin Jini:
Amin. Shidan nan sun yi kama da aikin hefarin. In DNA ɗin zai tafi aikin da ba ya son sirki, a yi masa hefarinas, anzayim mai lalata hefarin, ko a sake bi da shi ta sabon kwalam. Jinin da za a ɗiba nan gaba kuma a sa shi a EDTA, a jujjuya bututun a hankali sau takwas zuwa goma don kada ya daskare.

Tsohon Hannu:
Ukun kuma Taq ba shi da laifi a kansu, DNA ɗin za a tuhuma. Ki zuba jel na agaros kashi 0.8, ki loda maikirolita 5 na kowanne kusa da samfur mai kyau, ki ja shi a bolt 5 a kowace santimita ta tazarar wayoyin tankin. DNA mai lafiya zai tsaya a dunƙule can sama, sama da layin 10,000 na tsani. Wanda ya farfashe zai yi jirwaye har ƙasa. In ba ki ga komai ba sam, nanogiram 18 ɗin nan gishiri ne na'urar ta karanta, don maikirolita 5 ya kamata ya ɗauki nanogiram 90, wanda ido zai gani da rini. Jini maikirolita 200 na mai ƙwayoyin farin jini daidai yakan ba da maikirogiram 4 zuwa 10, wato nanogiram 40 zuwa 100 a maikirolita in an sauko da 100, don haka waɗannan tun farko sun gaza. Ki duba ko akwai gudaji a bututun, ko an ɗiba daga sama ba a jujjuya ba bayan jinin ya kwanta. In akwai ragowar jini ki sake cirowa: furotinas K maikirolita 20, a gauraya da bafar fasawa sosai na daƙiƙa 15, digiri 56 na minti 10 cikakku har ruwan ya zama babu gudaji, a ƙarshe ki sauko da maikirolita 50 na bafa mai ɗumi, ki bar ta a kan silika minti 5 kafin ki juya.